Kogin da bai taɓa ganin teku ba: ina ruwan Kano da Jigawa yake tafiya?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malami ne, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Ringim. Zanen da ke cikin littafinmu ya nuna ruwa yana tashi daga teku, ya zama girgije, ya sauka a tudu, kogi ya kwashe shi ya mayar da shi teku. Da na yi wa mahaifina bayanin haka sai ya yi dariya. Shi ya yi fataucin kifi har Baga, ya ce kogin da ya wuce ta garinmu bai taɓa ganin teku ba. Ya kuma tambaye ni, in daga teku ruwa yake zuwa, kuma teku tana kudu, don me hadari yake taso mana daga gabas? Na rasa amsa. Wa ya yi kuskure, littafi ko Baba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaishe min da Baba, ka ce masa a duka biyun shi ke da gaskiya. Littafin ma bai yi ƙarya ba, sai dai zanen da ke ciki an yi shi ne don ƙasashen da kogunansu ke ƙarewa a teku, mu kuwa namu ba haka yake ba. Tambayarka biyu ce a haɗe: daga ina ruwan daminarmu yake fitowa, kuma in ya sauka ina yake zuwa. Na yi shekaru ina aikin auna koguna da rijiyoyi tsakanin Wudil da Gashuwa, don haka ta biyun ce na fi sani da ƙafata, amma bari mu bi su a jere.

Lissafin duniya gaba ɗaya ba shi da wuya. Kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya yana teku, mai gishiri ne. Na daɗin da ya rage, wajen kashi biyu cikin uku ƙanƙara ce a daskare a ƙuryar kudu da ƙuryar arewacin duniya da kan manyan duwatsu, sauran kuma galibinsa yana ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke cikin koguna da tafkuna ɗan kaɗan ne. Wanda ke cikin iska ya fi ƙanƙanta: da za a matse duk tururin da ke sararin sama ya zubo lokaci guda, zurfinsa a doron ƙasa ba zai wuce kamar milimita 25 ba. Sirrin shi ne ba ya zama. Tururi yakan yi kwana tara ko makamancin haka a sama kafin ya sauko, wani ya maye gurbinsa. Ɗan ruwa ne ake ta juya shi, kamar jarin mai ƙosai.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne ruwa ba shi kaɗai yake tashi ba, da zafi yake tafiya. Kafin lita ɗaya ta zama tururi tana shan zafin da ya ninka fiye da sau biyar wanda ake buƙata a ɗaga ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Shi ya sa ruwan randa yake sanyi: wanda ya tsattsafo ta jikin yumɓu ya bushe, ya tafi da zafin na ciki. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. To zafin nan da tururi ya ɗauka ba ya ɓata. Idan tururin ya hau sama ya yi sanyi ya koma ɗigon ruwa, sai ya saki zafin a can, iskar wurin ta ƙara ɗumi ta ƙara hawa, ta jawo wata daga ƙasa. Wannan ne makamashin da ke gina hadarin da kake gani ya yi tsiri kamar dutse da la'asar a watan Yuli.

Danshi daga kudu, hadari daga gabas

A bazara rana takan gasa Sahara da kewayenta fiye da yadda take ɗumama teku. Iskar da ke kan hamada ta yi zafi ta yi sama, sai iska mai laima daga Tekun Atilantika, ta ɓangaren mashigin Gini, ta kwararo ta kudu maso yamma don cike gurbin. Ita ce wadda kake ji tun kafin ruwan fari, lokacin da zufa ta daina bushewa a jiki kuma ƙofar katako ta fara cijewa. Tana tafe a ƙasa-ƙasa, kaurinta a wajenmu bai fi kilomita ɗaya zuwa biyu ba, tana kutsawa ƙarƙashin busasshiyar iskar hamada. Iyakar da suke haɗuwa tana hawa arewa daga Maris har Agusta, sannan ta juyo. Wannan hawa da saukar ne ya sa damina take riga isa Kaduna kafin Kano, Kano kafin Damagaram, kuma take fara janyewa daga arewa. Kano takan sami milimita 800 zuwa 900 a matsakaiciyar shekara, Agadas kuwa ko 200 ba ta cika samu ba.

Amma a sama da wannan iska mai laima, wajen kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma a duk tsawon damina. Girgijen hadari dogo ne, ƙafarsa tana cikin danshin kudu, jikinsa yana cikin iskar gabas, ita ce kuma take tuƙa shi. Don haka kayan na kudu ne, direban na gabas ne. Hadarin yakan jeru a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci, ya tura iska mai sanyi da ƙura a gabansa, wadda ke kwashe shanya kafin ɗigon farko. Wanda ya zuba muku a Ringim yau da dare yana iya zama shi ne zai isa ƙasar Sakkwato da safe. Wasu daga cikin waɗannan jerin hadari sukan bi har su fita ta gabar Senegal su faɗa teku, kuma daga irinsu ne da yawa daga manyan guguwowin da ke afka wa tsibiran Karebiyan da Amurka suke farawa.

Akwai ƙarin abu ɗaya. Ba duk danshin da ya iso mana ne ya taso kai tsaye daga teku ba. Ruwa yakan sauka a dazukan kudu, itatuwa su zuƙe shi ta saiwa su fitar da shi ta ganye, iska ta ƙara gaba da shi, ya sake sauka a tsakiyar ƙasa, ya sake tashi. Zango-zango yake zuwa kamar ayarin fatake. Saboda haka dajin da aka sare a kudu da mu ba asarar mutanen can ba ce su kaɗai.

Inda ƙasa ta raba ruwa biyu

Yanzu ga maganar Baba. Ruwan da ya sauka a Zariya yakan bi Galma ya shiga kogin Kaduna, ya shiga kogin Kwara, wato Neja, ya sauka teku. Na Katsina yakan bi ta Jibiya ya tsallaka Nijar a matsayin Gulbin Maraɗi, ya dawo ya haɗu da Rima, ya wuce Sakkwato, shi ma ya ƙare a Kwara. Waɗannan su ne na cikin littafi. Amma tsakanin ƙasar Kano da waɗannan maƙwabta akwai wani tudu marar tsayi, wanda in kana cikin mota ba za ka ma lura ka haye shi ba. Duk abin da ya sauka a gabashinsa ya juya wa teku baya. Kogin Kano da Challawa sukan haɗu kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. Jama'are yakan gangaro daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi. Su biyun sukan watsu a fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya tsira ya tattaru wajen Gashuwa ya zama Komadugu Yobe, ya bi ta Geidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya ƙare a Tafkin Chadi. Tafkin kuwa ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa zuwa teku.

Na ce "abin da ya tsira" da gangan. Kogin littafi yana ƙara girma ne yayin da yake gangarawa. Namu akasin haka yake yi. Daga yamma har wajen Wudil ƙasa tana kan tsohon dutse mai tauri, ruwa ba ya nitsewa da nisa, sai ya gudu ya cika ƙoramu. Daga nan zuwa gabas kuwa rairayi ne da laka masu kauri da suka taru tun zamanin da, ga ƙasar a shimfiɗe kamar faranti. Kogin yana shiga nan sai ya rasa gudu, ya rarrabu, ya bazu. Wani ya nitse ya ciyar da rijiyoyi, wani ciyawa da shinkafa su sha, mafi yawa rana ta ɗauke. Lokacin da na fara aiki, na kwatanta awon Wudil da na ƙasa da Haɗeja, na ɗauka wani ne ya yi kuskuren rubutu a littafin awo. Babu kuskure. Kaso kaɗan ne na ruwan Haɗeja yake kaiwa Gashuwa, galibin abin da ke wucewa ta can na Jama'are ne. Kuma tafiyar a hankali take: ruwan Agusta sai damina ta ɗauke, ana shirin girbi, sannan cikarsa take isa ƙasan kogin.

Ƙarfin ranar nan sai ka auna za ka yarda. Muna da wani faffaɗan kwano na ƙarfe da ake cikawa da ruwa a ajiye a fili, kullum da safe a duba abin da ya ragu. A Maris da Afrilu yakan yi asarar kusan santimita guda a yini. (Sai da muka kewaye shi da waya, domin akwai makon da lissafi ya nuna rana ta haukace, ashe awakin unguwa ne suka gano mashaya.) A shekara, buɗaɗɗen ruwa a yankin tafkin yana rasa fiye da mita biyu, alhali ruwan saman da ke sauka a can bai kai rabin mita ba. Ka ga ke nan zagayen ruwanmu ta sama yake rufewa. Ruwan Ringim zai koma teku wata rana, amma a kan iska zai je, ba ta bakin kogi ba.

Tafkin da ya ƙi yin gishiri

Ɗalibi mai kaifin hankali zai tambaye ka: in ruwa yana shiga tafki yana bushewa, gishirin da ya kwaso yana zama, don me Tafkin Chadi bai zama kamar Tekun Gishiri na ƙasar Jodan ba? Baba zai shaida maka ana shan ruwansa. Dalili shi ne tafkin yana yoyo ta ƙasa. Ba shi ne wuri mafi zurfi a kwarin ba. Yana kan tsayin kusan mita 280 daga matakin teku, can arewa maso gabas kuwa, a kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ƙasa ta fi shi gangarawa da fiye da mita 100. Ruwa kaɗan yana tsiyaya ta cikin rairayi yana tafiya da gishirin. Inda wannan ruwan ƙasa ya matso kusa da sama a ƙananan kwaruruka na Kanem da ƙasar Manga, rana ta busar da shi, sai ya bar farin ɓawo. Kanwar da ake jefawa a miyar kuka da wadda ake ba dabbobi, wadda fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna kawowa kasuwar Kurmi, ragowar wannan lissafi ce.

Kada mu ɗauki kanmu da girma a maganar tafkin. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shiga cikinsa daga Shari da Logon yake zuwa, daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru da kudancin Chadi. Komadugu Yobe 'yar ƙaramar gudummawa ce, ko da yake ga mutanen ɓangaren arewa na tafkin tana da muhimmanci. A 1963 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin 1972 zuwa 1974 ya raba shi biyu, na 1983 zuwa 1985 ya mayar da buɗaɗɗen ruwansa ƙasa da 2,000. Tun daga shekarun 1990 ya ɗan farfaɗo, yana cika yana janyewa gwargwadon damina. Ina jin takaicin yadda ake ta maimaita cewa yana gab da ɓacewa kamar ba a sake auna shi ba tun 1985. Tafki ne marar zurfi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙaramin sauyi a tsayin ruwa yakan matsar da gaɓarsa kilomitoci da yawa.

Ƙasar da kuke takawa ma ruwa ne ya rubuta tarihinsa a kanta. Jigayin rairayin da suka ba jiharku suna, waɗanda suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, tuddan hamada ne da iska ta tara a wani zamani da ya fi yanzu bushewa ƙwarai, kogin Haɗeja yana lallaɓawa ne a tsakaninsu, shi ya sa fadama da tudu suke jere bi da bi. Bayan wannan zamani sai aka yi na yalwa. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, kuma dogon tudun rairayin da ya bi ta Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce. Kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000. Ƙurar hunturu da ke toshe mana hanci, da yawanta daga Bodele take tasowa, busasshen gindin wancan tsohon tafki, ragowar ƙananan halittun ruwa ce, kuma iska takan kai wani kasonta har dajin Amazon. Marmarar da ke kan Dala da Gwauron Dutse ita ma aikin jiƙa da bushewa ce na tsawon zamani: damina ta narkar da ƙarfen cikin ƙasa, rani ya daskarar da shi, ya zama hular da ta hana tudun zaizayewa yayin da kewayensa ya tafi.

Hannun mutum a ciki

An daɗe ana ɗora farin shekarun 1970 a kan makiyaya da masu saran itace. Wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo hujja a 1975 cewa ƙasar da aka tsiraita tana mayar da hasken rana sama, ta rage hadari. Akwai gaskiya a ciki, amma binciken da ya biyo baya ya nuna babban dalilin yana teku: arewacin Atilantika ya yi sanyi in an kwatanta da tekunan kudu, sai iskar damina ta kasa hawa arewa yadda ta saba. Hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana cikin abin da ya jawo sanyin. Bafulatanin da aka zarga bai san hawa ba bai san sauka ba.

Inda hannunmu ya fi bayyana shi ne bayan ruwan ya sauka. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Ba zan ce kuskure ba ne, domin birnin Kano yana sha daga wannan ruwa, ga shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa. Amma kogin da ya saba cika da damina ya ƙafe da rani ya koma mai ɗan gudu duk shekara. Ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, kachalla kuma, wadda da rani ke kashe ta, ta sami wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Na ga gari da gonakinsa suka nutse shekara da shekaru, na ga wani a gaba kaɗan da ruwa ya daina zuwa masa sam, duk a kan reshe guda. A ganina sakin ruwan dam da yawa lokaci ɗaya a ƙarshen damina, yadda zai kwaikwayi ambaliyar da, tare da yashe hanyoyin, ya fi sabon gini amfani. Na san manomin rani na sama ba zai so jin haka ba, kuma shi ma yana da hujjarsa.

Wani abin mamaki daga Nijar: a kewayen Yamai, ruwan rijiyoyi ya yi ta ɗagowa tun daga shekarun 1960, har a tsakiyar fari. Da aka share daji aka yi gonaki, ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ya daina shiga inda ya sauka, sai ya gudu ya yanka kwazazzabai ya taru a tafkuna, daga nan ya nitse. Rijiya ta ƙaru, gona ta rame. Wannan ya sa ba na yarda da amsa mai layi ɗaya a harkar ruwa. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka bar kututturan gawo da kalgo suka tofo a gonakinsu, da masu haƙa ramukan tare ruwa a gona da ake kira tassa da rabin wata a ƙasar Tawa, duk abu ɗaya suke yi: tsayar da ɗigo a inda ya faɗi.

Game da gaba, abin da ya tabbata shi ne duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana sa iska ta iya riƙe ƙarin tururi da kusan kashi 7 cikin 100, kuma awo ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa da yawa lokaci guda sun ƙaru a yankin Sahel tun shekarun 1980. Wanda ya ga Maiduguri a Satumban 2024, bayan fashewar dam ɗin Alau, ya san abin da cikar ruwa ke yi wa gini da gari. Ko jimillar ruwan shekara za ta ƙaru ko za ta ragu nan da shekara hamsin, lissafin masana bai zo ɗaya ba, musamman tsakanin yammacin Sahel da tsakiyarsa.

Ga ajinka kuwa, Malam, ka bar zanen littafin yadda yake, ka zana naku a gefensa: kibiya daga kudu a ƙasa, kibiya daga gabas a sama, kogi mai sirancewa yana tafiya dama, da kibiyoyi da yawa suna tashi daga fadama. Ka samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki ka kafa a fili nesa da bishiya, yara su riƙa auna zurfin ruwan da rula bayan kowane hadari. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, don haka rufin aji mai murabba'in mita 100 yana zubar da lita 80,000 a daminar milimita 800. Su lissafa jarka nawa ke nan. In rani ya yi, ku cika baho ku sa masa alama, ku ɗora masa ragar waya saboda awaki.